Iya Harbi da Bakan Itace Abin Koyo Ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi bayani a kan wani abu da na gani da idona a bikin Babbar Sallar da ta wuce, wanda har yau bai bar raina ba. A garinmu, bayan an sauko daga hawa, maharba sun fito da kayansu kamar yadda suka saba, sai wani ya kawo shawarar a gwada hannu. Aka jingina damin kara a jikin wata tsohuwar katanga, aka soke faifai a tsakiyarsa, aka ƙirga taku 25. Samari majiya ƙarfi sun fi goma suka yi ta ja suna saki, kibau suna wucewa ta sama da ta gefe, wasu ma suna cakewa a ƙasa kafin su kai. Daga nan wani dattijo da ya haura shekara 70 ya fito da wani siririn baka da ya yi baƙi saboda tsufa, ya zaro kibiya uku daga kwarinsa, ya jera su a cikin faifan nan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ko yamutsa fuska ba. Abin da ya dame ni shi ne maganar da ta biyo baya, domin duk inda na juya sai in ji ana cewa ai tsohon nan ya sha asiri, wai akwai laya a ɗamarar tasa. Ban ji mutum ɗaya da ya ce bari mu tambaye shi yadda yake yi ba.

Ni na tashi a hannun kawuna, wanda maharbi ne, kuma na yi shekaru ina bin sa dawa ina riƙe masa kwari kafin karatu da aikin ofis su raba ni da sana'ar. Abin da na koya a wurinsa shi ne cewa iya bara, wato abin da yaran yanzu ke kira saiti tun da bindiga ta zo da kalmarta, ilimi ne mai ƙa'idoji, kuma duk ƙa'idojin suna komawa ga abu guda: mutum ya iya maimaita motsi ɗaya, iri ɗaya, a kowane harbi. Bakan itace ba shi da madubi, ba shi da 'yar alamar da ake daidaita ido da ita irin ta bindiga, saboda haka jikin maharbin ne kansa ma'auni. Idan ma'aunin yana canzawa daga harbi zuwa harbi, to ko an rataya masa layu har sun rufe masa wuya, kibiyarsa inda ta ga dama za ta tafi.

Farkon abin da kawu ya hana ni shi ne damƙe baka. Sabon mai koyo yakan riƙe baka kamar wanda zai sari itace da gatari, alhali kuwa damƙar tana murɗa bakan a daidai lokacin da tsirkiya ta kuɓuce, sai kibiya ta kauce hagu ko dama, tsirkiyar kuma ta tsula wa mutum bulala a cikin hannu. Na sha wannan bulalar har fatar hannuna ta yi taruwar jini, shi kuwa bai taɓa tausaya mini ba, cewa kawai yake yi, "Yaro, tura shi za ka yi, ba shaƙe shi ba." Abin nufi, bakan ya zauna a kan tudun naman da ke gindin babban yatsa, sauran yatsun su kewaye shi sako-sako don kada ya faɗi, hannu kuma ya tura gaba yayin da ɗayan ke ja baya. Tsayuwa ma haka take: a ba wa abin harbi kafaɗa, a ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗu, nauyin jiki ya rabu biyu. Maharbin dawa ba kullum yake samun damar miƙewa ba, sau da yawa a durƙushe ko a tsugune zai yi harbi, amma daga ƙugu zuwa sama siffarsa ba ta canzawa.

Sai wurin ɗana kibiya. Idan yau an ɗora tsagar gindin kibiya a nan a jikin tsirkiya, gobe an ɗora ta sama kaɗan, to an canza inda za ta sauka tun ba a ja ba. Shi ya sa masu hankali ke naɗa ɗan zare a tsirkiya don ya zama shaida. Mutane suna raina irin wannan ƙaramin bambanci, amma lissafi ba ya raina shi. A ɗauka tsawon kibiya santimita 70 ne. Idan gindinta ko kanta ya goce da santimita 1 kacal daga inda ya kamata, to a nisan mita 20 gocewar za ta kai kusan santimita 29, wanda ya isa ya fitar da kibiya daga cikin faifai gaba ɗaya. Santimita 1 kuwa bai kai faɗin ɗan yatsa ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsawon ja. Ƙarfin da baka ke ba kibiya ya dogara ne ga yadda aka tanƙwara shi, saboda haka wanda ya ja da yawa a harbin farko, ya ja kaɗan a na biyu, tamkar ya yi harbi da baka biyu ne daban-daban. Masu dogayen kibau a wasu ƙasashe sukan ja har yatsa ya taɓa gefen baki ko ƙasan haɓa ko kunne, su mai da wurin matsaya. Kibiyarmu ta gargajiya gajeriya ce, sau da yawa jan ba ya kai can, don haka kawu ya koya mini wata dabara da har yanzu nake ganin babu wadda ta fi ta sauƙi. Akwai naɗin jijiya a inda ƙarfen kibiya ya shiga cikin kyauro, wato karan da ake yin jikin kibiya da shi. Ya ce in riƙa ja a hankali har sai na ji wannan naɗin ya taɓa yatsana na hannun da ke riƙe da baka, kuma kada in kuskura in saki kafin in ji shi, kada kuma in wuce shi. Da wannan, ko cikin duhu ne, jan yana zama ɗaya. Da na lura da dattijon nan na ranar Sallah, na ga shi ma yana ɗan dakatawa a daidai wannan gaɓar, dakatawar da ba ta fi ƙiftawar ido biyu ba.

Dakatawar ba ta da tsawo saboda dalili. Itace ba ya son a riƙe shi a tanƙware, domin yana sanyi a hannu, ƙarfin turarsa ya ragu, shi kuma mai jan damtsensa ya soma rawa. Samarin da na gani sun kasu biyu: masu fizgar tsirkiya su saki tun kafin ido ya zauna, da masu riƙewa suna ta lalube da kan kibiya har jijiyar wuyansu ta fito. Duka biyun sun kuskure. A nan ma bari in ɗan ratse, domin kalmar kuskure da muke amfani da ita kullum a kan kowane irin lahani a magana ko aiki ita ce dai kalmar maharbin da kibiyarsa ba ta sami abin da ya bara ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda harbi ya yi zurfi a rayuwar Bahaushe.

Game da ido kuwa, hanyoyi biyu na sani. Ta farko ita ce wadda akasarin maharbanmu ke bi ko da ba su ba ta suna ba: a buɗe idanu biyu, a kafe su a kan ɗan ƙaramin wuri, a bar hannu ya nemo hanyarsa, kamar yadda yaro mai jifan mangwaro ba ya duban dutsen da ke hannunsa. Sirrin wannan hanya shi ne ƙanƙantar abin da aka kalla. Wanda ya kalli damin kara gaba ɗaya zai kuskure damin, wanda ya kalli faifai zai sami damin, wanda ya kalli ƙullin saƙar da ke tsakiyar faifan shi ne zai sami faifai. Kawu yakan ce kada in kalli zabo, in kalli ɗigo guda a fiffikensa. Sai dai wannan hanya ba ta samuwa sai da harbi dubbai, domin ƙwaƙwalwa ce ke haddace yadda kibiya ke lanƙwasa a iska a kowane nisa, kuma idan aka daɗe ba a yi ba tana dushewa.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da mai koyo a yau, wanda ba shi da lokacin yini a dawa. Ita ce a yi amfani da tsinin kibiya a matsayin alama. Da yake idon mutum yana sama da gindin kibiya, idan abin harbi yana kusa, dole ne a ga tsinin yana ƙasa da shi kafin a same shi. Wanda ya ɗora tsinin a kan faifai daga taku 10 zai ga kibiyarsa ta haye sama. Yayin da mai harbi yake ƙara nisa, tazarar da ke tsakanin tsini da abin harbi tana canzawa, har a kai wani nisa inda ɗora tsinin daidai a kan abin shi ne samu, daga nan kuma sai an ɗaga shi sama. Wannan nisa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, daga baka zuwa baka, kuma ba wanda zai gaya maka naka sai ka tsaya ka gwada a taku 10, da 15, da 20, da 30, kana riƙe abin da ka gani. Mai bin wannan hanya yana bukatar ya san idon da ya fi rinjaye a wurinsa. Ya nuna wani abu mai nisa da yatsa idanunsa biyu a buɗe, sannan ya rufe su ɗaya bayan ɗaya. Idon da ya bar yatsan a kan abin shi ne jagora, kuma ya fi kyau a ja tsirkiya ta ɓangarensa. Na san mutanen da suka yi shekaru kibiyarsu na kaucewa gefe guda suna zargin baka, alhali hannun dama suke ja da shi, idon hagu ke yi musu jagora.

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma babu inda wannan magana ta fi zama gaskiya kamar a harbin kibiya. A ɗauka kibiya tana gudun mita 40 a sakan guda. Kafin ta kai mita 20 ta yi rabin sakan a iska, kuma a wannan lokacin ta sauka da kimanin mita 1.2 daga layin da aka harba ta. Idan aka ninka nisan ya zama mita 40, saukar ba ninki biyu za ta yi ba, ninki huɗu ne, kusan mita 5, ko ma fiye tunda iska tana rage mata gudu. Ke nan kuskuren ƙiyasin nisa da taku 3 ba ya cutarwa sosai a kusa, amma a nesa shi ne bambancin samu da rashi. Wannan ne ya sa tsoffin maharba suka fi ba da ƙarfi ga saɗaɗe a kan dogon harbi. Wanda ya taɓa ganin maharbi ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, yana rarrafe yana kwaikwayon tsuntsun yana kiwo har ya shiga tsakiyar namun daji, ya ga mutumin da ya fahimci wannan lissafi ba tare da ya taɓa riƙe alƙalami ba. Haka kuma sun san cewa mai harbi daga kan itace zuwa ƙasa, ko daga kwari zuwa tudu, kibiyarsa takan haye sama da inda ya saba, don haka sai ya ɗan sassauto.

Saki shi ne inda aka fi ɓata aiki. Ba a fizge yatsu daga tsirkiya, sassauta su ake yi ta kuɓuce da kanta, hannun kuma ya zarce baya a kan layin da yake ja. Bayan ta tafi, hannun baka ya tsaya cak har sai an ji ƙarar saukarta. Ɗokin ganin inda kibiya ta faɗa yakan sa mutum ya sauke hannu ko ya leƙa tun ba ta gama barin baka ba, kuma wannan leƙen ne ke kai ta ƙasa. Akwai kuma wata cuta da ke kama har gwanaye, inda hannu ke riga niyya, mutum ya ga yana saki da zarar idonsa ya faɗa kan abin harbi ko da bai gama ja ba. Ta kama ni ina ɗan shekara 17. Maganin da kawu ya yi mini shi ne ya tsayar da ni taku 3 daga buhun ƙaiƙayi, ya sa na rufe idanu, na yi ta ja ina jin naɗin nan ya taɓa yatsa sannan in saki, kullum da yamma har kusan wata guda, kafin ya yarda na sake kallon wani abu daga nesa.

Ba zan bar kibiyar kanta a baya ba, domin rabin laifin da ake ɗora wa maharbi nata ne. Kibiyar ƙasar Hausa galibi ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin wanda ke daidaita kibiyar wasu al'ummu. Nauyin ƙarfen da ke gabanta ne ke jan ta ta tafi kai tsaye. Saboda haka idan kyauron ya karkace ko kaɗan, ko ƙarfen bai zauna daidai tsakiya ba, babu abin da zai gyara ta a hanya. Ana gasa kyauro sama-sama a kan garwashi, a miƙar da shi da hannu, a duba shi da ido ɗaya daga gindi zuwa kai. Sannan kibiya tana lanƙwashewa a lokacin da tsirkiya ta tura ta, ta kewaye jikin bakan kafin ta miƙe. Wadda ta yi wa bakan tauri da yawa takan kauce gefe guda kullum, wadda ta yi laushi ta kauce ɗaya gefen. Mai kwari cike da kibau masu nauyi daban-daban da kauri daban-daban ba zai taɓa sanin ko hannunsa ne ya yi laifi ko kayansa ba. Shi bakan ma, ko na baushe ne ko na dargaza, yana jin yanayi: da damina itace da tsirkiyar fata suna shan laima su yi sanyi, da hunturu su bushe har itacen ya iya tsagewa idan ba a shafa masa man kaɗanya ba. Kuma ba a jan baka a sake shi babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da ita a jikin itacen zai ƙare.

Na yarda akwai dalilin da ya sa ba a cika tattauna waɗannan ƙa'idoji a fili ba. Kakanninmu sun dogara ƙwarai ga dafi, musamman na kwankwani wanda ke tsayar da zuciya, don haka ko ina kibiya ta taɓa aiki ya yi, har aka ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. A fagen yaƙi ma yawan ruwan kibau ake bukata fiye da samun ɗigo guda. Da 'yan baka ne jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi, suka karya dawakin Gobir a Tabkin Kwatto cikin watan Yunin 1804, alhali jama'ar Shehu dawakinsu kaɗan ne. Da kibau mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Faransawa a Lugu cikin 1899, kuma kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh na sojan Ingila a Burmi ranar 27 ga Yulin 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Amma yau babu wannan bukata, namun dawa sun yi ƙaranci, wuraren da suka rage irin su Yankari doka ta hana farauta a cikinsu, kuma abin da ya saura mana daga baka shi ne ainihin gwanintar samun abin da aka bara. Addini ma ya ƙarfafa ta: Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara ƙarfin da aka umarci Musulmi su tanada da cewa harbi ne, har sau uku, kuma ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi, ya kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe kawunansu don kada ya ji wa wani ciwo. Duk mai shirya gasa ya kamata ya fara da waɗannan biyun na ƙarshe, ya tabbata akwai katanga ko tudu a bayan abin harbi, ba taron yara ba.

Wasu al'ummu sun riƙe nasu da kyau. A Japan har yau ana harbi da dogon bakan gargajiya daga mita 28 bisa matakai sanannu da ake koyarwa a makarantu, a Koriya ta Kudu ana harbin gargajiya daga mita 145, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sanya harbin gargajiya na Turkiyya cikin al'adun da duniya ke adanawa. Mu da muka iya raya dambe da kokawa, har Jamhuriyar Nijar take gasar takobin kokawa tun 1975, ba mu da hujjar barin sarautar Sarkin Baka ta zama ta rawani da kirari kawai. Roƙona ga masarautu da ƙungiyoyin maharba shi ne su keɓe fili, su tsayar da nisa sananne da girman abin harbi sananne, a yi amfani da kibau marasa kunne marasa dafi, kuma a riƙa auna gwani da yadda kibiyoyinsa biyar suka taru wuri guda, domin samu ɗaya ko makaho yana iya dacewa da shi. Ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu kuwa, ina roƙon su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar hoto wurin dattawan da suka rage, su tambaye su da wane yatsu suke ja, a wane ɓangaren baka suke ɗora kibiya, wane wata suke saran itacen baka, da sunan da suke kiran kowane sashe na kayan.

Ni dai washegarin Sallah na je na gaida dattijon nan a zaurensa, na tambaye shi. Ya yi dariya, ya jawo kwarin ya zazzage shi a kan tabarma. Kibau sun fi ashirin, amma guda uku ne kaɗai ke da ɗan zanen wuƙa a kusa da gindi. Ya ce a fadama ɗaya ya yanko kyauronsu, maƙeri ɗaya ya ƙera kawunansu a rana ɗaya, kuma ya auna su a tafin hannunsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya ware su. Sannan ya nuna mini wani tsohon buhu da ke rataye a bayan rumbu, wanda tsakiyarsa ta rarake har an yi masa faci sau biyu, ya ce kullum bayan sallar La'asar yakan jefa masa goma kafin ya tafi majalisa.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan gidan maharba, daga ƙasar Katsina.